Daga Bayan Gari Zuwa Tangaran: Tarihin Masai Da Toshewarsa A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Salga ba ta toshewa. Takan cika, takan yi wari, takan rufta, wani lokaci ma har da mutum a kanta, amma toshewa ba ta cikin halinta, domin rami ce kawai mai baki a sama, abin da ya faɗa ya faɗa ke nan. Shi ya sa tambayar da muke yawan ji yau a gidan biki da majalisar bakin titi, wai "me zan zuba wa masai ya daina riƙe ruwa?", kakanninmu ba su taɓa yin ta ba. Baƙuwar tambaya ce, tare da tangaran ta shigo, kuma a yawancin gidajen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba ta girmi matasan da ke cikinsu ba. Amsoshin da ake ba ta kuwa, toka da ruwan zafi da gishiri da kananzir, da yawansu sun girmi tambayar nesa ba kusa ba. Magungunan rami ne muka ɗauko muna ɗura wa bututu.

Bahaushe ba ya kiran wannan wuri da sunansa matuƙar yana da hanyar kauce wa. Sai ya ce zai kewaya, ko zai kama ruwa, ko ya ce wane ya zaga. Amma kunyar nan ta adana mana tarihi ba da niyya ba. A jera kalmomin a ga: bayan gari, bayan gida, makewayi, banɗaki. Kowace ta fi ta gabanta kusa da shimfiɗar mutum. Da farko sai an fita ganuwa ko shingen ƙauye, daga baya aka tsaya a bayan danga, sannan aka shigo da wurin cikin gida aka kewaye shi da zana, har ya zo ya manne da bayan ɗaki. Yau kuwa amarya ba ta jin an yi mata gini sai an ce mata ciki da falo ne da banɗaki a ciki. Tarihin masai a ƙasarmu tarihi ne na tazarar da ta yi ta raguwa, kuma duk takun da ta rage sai ya zo da sabuwar ɗawainiya.

A kudancin Katsina tazarar ta daɗe ba ta ragu ba, domin babu abin da ya matsa. Ƙasa ce mai faɗi da ruwan sama da itatuwa, ta fi arewacin jihar damshi sosai. Faskari tana iyaka da Tsafe ta Zamfara, Sabuwa tana iyaka da Birnin Gwari da Giwa, Ƙanƙara kuwa ga dazuzzukan Pauwa a yammacinta. Mutane a warwatse suke cikin ƙauyuka da gidajen gona, ga unguwannin Maguzawa, ga rugagen Fulani. Wanda gonarsa ta fara daga bayan dangarsa bai ga dalilin haƙa rami ba. Rana da ƙasa da buzuzu suna yi masa aikin da injiniya ke karɓar kuɗi a kansa yau.

Abu biyu suka kawo salga cikin gida: cunkoson gari da kulle. Duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ya san tsarki ake fara koya masa kafin salla. A nan ne yaro ke jin cewa ba a biyan buƙata a kan hanya, ko inuwar da mutane ke hutawa, ko mashaya, ba a fuskantar alƙibla, kuma in babu ruwa dutse ko hoge yana isarwa. Waɗannan dokoki tun asali da fili suke magana. Amma bayan jihadin 1804, da tsarin kulle ya ƙara kafuwa a gidajen malamai da sarakai da attajirai, matar da ba ta fita da rana dole a sama mata wuri a ciki. Saboda haka salga ta fara zama alamar gidan mutunci tun kafin wani ma'aikacin lafiya ya ce ta zama dole.

Ginin nata ma fasaha ce da ta cancanci a rubuta ta. Ana haƙa rami a kusurwar gida mafi nisa da madafa da rijiya, bakinsa a tsuke, cikinsa ya ɗan buɗe in ƙasar mai ƙarfi ce. A shimfiɗa azara ko gumagumai masu jure gara, a ɗora ƙirare, a zuba ƙasa, a yi daɓe da birji, a yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya ci daɓen. A tsakiya a kafa wuyan tsohon tulu ko tukunyar da gindinta ya fashe, shi ne baki. A rufe shi da kasko ko guntun akushi. Gefe guda a bar wurin wanka da ɗan magudanarsa daban, domin magina sun san ruwan wanka in ya yi yawa a rami shi ke cinye bangonsa. Ita kanta kalmar salga akwai masu danganta ta da garin Salaga na ƙasar Gonja, a Gana ta yau, inda fatakenmu ke zuwa sayen goro, garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi. Ko ma dai yaya ne, kalmar ta yi tafiya, don Yarbawa sun are ta suna kiran masan rami shalanga.

Maganin salga ɗaya ne, kuma kyauta ne: toka. Uwar gida ta kwashe murhu da safe ta watsa a rami. Toka tana shanye damshi, tana kashe wari, tana hana ƙuda yin ƙwai. Ba camfi ba ne. A Ingila ma, a 1860, wani limamin coci mai suna Henry Moule ya yi rajistar wani masai da ba ya amfani da ruwa, busasshiyar ƙasa ko toka ake zuba masa, kuma an yi amfani da shi a makarantu da barikoki har Indiya. Abin da tsohuwa ke yi da kaskon toka a Yankara ko Ƙetare shi ne Bature ya kai ofis aka buga masa hatimi. In rami ya cika kuwa, gida mai fili ba ya kiran kowa. A rufe shi da ƙasa, a haƙa sabo a gefe, bayan shekara biyu a dasa gwanda ko ayaba a kan tsohon, kowa ya ga yadda za ta yi kyau.

Turawa sun shiga Katsina a 1903, bayan 'yan shekaru Muhammadu Dikko ya hau gadon sarauta, ya riƙe ta har 1944. A zamaninsa da na ɗansa Usman Nagogo ne En'e ta yi ƙarfi, hakimai suka tare a gundumominsu, Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, Sarkin Yamma a Faskari, kuma a cikin ma'aikatan da aka riƙa turowa akwai wanda tsofaffinmu ba su manta da shi ba: duba-gari. An buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932, bayan ta Legas da Dakta Isaac Oluwole ya kafa. Yarbawa suna ce masa wole-wole, wato mai shiga gida, mu kuma muka ba shi sunan da ya fi faɗi. Yana leƙa randa ya ga ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba mahauta da rumfunan abinci, ya zaga bayan gida. In ya sami ƙazanta sai gaban alƙali, sai tara. Labarin yadda mata ke rige-rigen tuntsurar da randa in an ce ga shi nan tafe har yau yana bakin tsofaffi.

Muna yawan jin ana cewa a dawo da duba-gari, kamar shi ne zamanin zinariya. Ya kamata mu tuna abin da aka ɗauke shi ya tsare tun farko. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don kada sauro da cutarmu su tsallaka. Ita tsabtar bariki kuwa a kan wani take tafiya: masan bokiti ake yi, wani talaka ya zo da dare ya ɗauka a ka ya kai rami bayan gari. Mu aka bar mu da umarni da tara, ba a ja mana bututu ko ɗaya ba. Duk da haka ba za a hana duba-gari haƙƙinsa ba. Shi da littattafan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 su suka dasa wa ƙauye tunanin cewa ƙudan da ya tashi daga bayan danga shi ne ke sauka a kan tuwo.

Shi masan ruwa an ƙera shi ne don wata duniya daban. Sirrinsa yana cikin lanƙwasar nan da ke ƙarƙashinsa, wadda wani mai gyaran agogo, Alexander Cumming, ya yi wa rajista a Landan a 1775. Lanƙwasar tana riƙe ɗan ruwa kullum, ruwan ya zama murfi, wari ba ya dawowa ɗaki. Wannan ce ta sa aka iya shigo da masai kusa da gado. Amma tana da sharaɗi: duk abin da zai wuce sai ya hau tudu kafin ya gangara, kuma babu mai tura shi sai ruwa mai yawa da ya zubo a lokaci guda. Su kansu mutanen Landan sai da abin ya fi ƙarfinsu. Masan ruwa ya cika musu ramuka, aka juya ƙazantar cikin kogin Thames, har a bazarar 1858 wari ya addabi 'yan majalisa a zaurensu, sannan aka ba Joseph Bazalgette kuɗi ya gina wa birnin manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Wato tangaran kai ne kawai, gangar jikinsa famfo ce da magudana.

Mu kai muka saya. Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka kawo kwano da siminti. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo sakatariya da gidajen ma'aikata, gidajen Shagari suka biyo baya, aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ma'aikata da 'yan kasuwa da alhazan da suka ga na Makka suka dawo gida suna son irinsa. Ruwan famfo ne bai biyo su ba. Ga madatsar Mairuwa a ƙasar Faskari, amma Funtuwa aka gina ta ta shayar. Yawancinmu rijiya ce, ko burtsatse, ko ɗan ga-ruwa da kurarsa. Abin da ya fi ban takaici, ƙasar Ƙanƙara tana da farar ƙasa mai yawa, irin wadda da ita ake haɗa tangaran, amma tirela ke kwashe ta ɗanya, mu kuma mu je kasuwa mu sayo masan da aka ƙera a Sin.

A yi lissafi. Tsohon tankin masai yana sakin lita 9 ko fiye a ja ɗaya, na zamani lita 6. Gida mai mutum 10, kowa ya shiga sau biyu a yini, a lita 9, ya ci lita 180, wato jarka 7 da ɗoriya ta lita 25, ban da sha da girki da wanka da wanki. Wane magidanci ne zai sayi jarka bakwai don a kora? Sai aka bar tankin ya bushe, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, aka koma buta. Buta kuwa ba ta fi lita biyu ba, kuma tsiyaya take yi. Abin ya wuce lanƙwasa da kyar, ya je ya kwanta a tsakiyar bututu, ya bushe, na gobe ya zo ya taras da shi. Rabin toshewar da muke fama da ita ƙishirwa ce ke damun masan.

Sauran rabin kuma tsohuwar ɗabi'a ce. Rami yana karɓar komai, saboda haka hannunmu ya saba jefa masa komai: hoge, totuwar masara, tsumma, takardar siminti. Zamani ya ƙaro nasa, ledar fiya wata, audugar mata, da kunzugun jarirai na kanti wanda aka yi shi musamman don ya sha ruwa ya kumbura. Akwai kuma abin da ba a faɗa. Yarinyar da ba a tanadar mata wurin zubar da audugarta ba, kuma tana tsoron kada wani ya gani ko a yi mata asiri da ita, ina za ta kai ta in ba masai ba? Bokiti mai murfi a kusurwar banɗaki ya fi duk wani magani da za mu ambata a ƙasa arha. Sai laifin magini: wanda ya sa bututu mai inci 3 a inda ake buƙatar mai inci 4 don a rage kuɗi, ko ya shimfiɗa shi ba gangare, ko ya manta da bututun shan iska, ya bar wa mai gida gadon da babu tokar da za ta warkar.

To, mu zo kan magungunan. Toka, sarauniyar salga, a masan ruwa abokiyar gaba ce. Ba ta narkewa, kwanciya take yi a gindin lanƙwasa ta haɗu da maiƙo ta daskare. Wanda ya zuba ta ya ƙara wa Barno dawaki. Gishiri ana zuba shi a rami wai yana sa ya sauka, kuma 'yan talla suna yawo da garin magani iri-iri da sunan yana cinye bahaya. An gwada irin waɗannan magungunan kasuwa a ramukan masai a Afirka ta Kudu, ba a ga sun rage komai ba. Abin da ke rage tulin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda tun asali suna cikin ramin suna ruɓar da shi, kuma kananzir da baƙin mai da fiya-fiya da Izal mai yawa su suke fara kashewa. Wari ya lafa kwana biyu, rami ya ƙara saurin cika, man kuma ya bi ƙasa ya nufi rijiya. Kananzir da kabayid na masu walda suna da wani sharrin: rami dama yana tara iska mai kamawa da wuta, sai a ƙara masa, wani ya shigo da sigari ko aci-balbal.

Akwai wanda ake yayi yanzu, a haɗa bakar hoda da ruwan khal, wasu ma su musanya da kanwa da ruwan tsami. Yana kumfa, yana ƙara, mai kallo ya ji ana aiki. Amma kumfar ba ta da ƙarfin ture tsumma, kuma kanwa da tsamiya sun fi amfani a kunu. Soda ta masu sabulu tana narkar da maiƙo da gashi, gaskiya ne, sai dai tana zafi har ta lanƙwasa bututun roba, tana cin fata, in ta fantsama a ido kuwa sai dai haƙuri. In ba ta buɗe ba, ga masai cike da ruwan guba yana jiran hannun mai gyara. Mafi muni shi ne a zuba ruwan batir ko wani mai wankin masai mai asid, a ga bai yi ba, a bi shi da Hypo. Haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin, irin wadda aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Farko, ga banɗakinmu ƙarami ba taga.

Wanda ke aiki ba shi da kwarjini. A zuba omo ko sabulun wanke-wanke na ruwa kamar rabin kofi, a bi shi da ruwa mai zafi, a bar shi kamar rabin awa ya jiƙa abin ya sa masa santsi. Sannan a ciko bokiti a ɗaga shi daidai ƙugu a juye gaba ɗaya, ba a tsiyaya ba. Nauyin ruwan ne maganin. In masan ya riga ya cika har baki, sai a fara rage shi, kada a yi ambaliya. Ruwan kuma kada ya zama tafasasshe, domin tangaran mai sanyi yana tsagewa. A nan tsofaffi sun riga mu, ko da yake ta wata ƙofa: sun hana a watsa tafasasshen ruwa a banɗaki ko magudana ba bisimilla, kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Mai jego da ke wankan ruwan zafi kwana arba'in ta san wannan gargaɗi sarai. Ko mutum ya yarda da dalilin ko bai yarda ba, wanda ya bi shi masansa bai fashe ba.

In sabulu bai yi ba, sai robar nan mai kamar ƙoƙo a bakin sanda. A tabbata ruwa ya rufe ta, a danna a hankali iska ta fita, sannan a yi ta turawa da ja, domin jan ne ke sassauta abin da ya cije. Wanda ba shi da ita ya naɗe tsumma a kan sanda, ya sa a leda ya ɗaure tam, don kada ledar ta zame ta zama sabuwar matsala. Abin da ya fi wannan, kamar murfin buta ko kunzugu, ba ya narkewa kuma bai kamata a tura shi gaba ba. Sai safar hannu ko waya mai ƙugiya a jawo shi, ko a buɗe ɗan akwatin dubawa da ke bayan bango in magini ya yi shi.

Akwai kuma toshewar da ba toshewa ba ce, ita ce ta watan Agusta. Masai ya riƙa saukar da ruwa a hankali, yana gurnani, wari yana tasowa bayan an yi ruwan sama, an zuba sabulu an zuba soda ba canji. A je a ɗaga murfin sokawe. Ƙasarmu a kan dutse take zaune, duk wanda ya ga duwatsun Faskari ya san haka, kuma a wurare da yawa mai haƙa ba ya nisa yake cin karo da fa ko laka. Da damina ta nutsa ƙasa ta ƙoshi, ramin da aka gina don ya tsotse ruwa shi ke karɓar ruwa daga waje. Masai ba shi da inda zai kai abin da aka ba shi. A wannan watan ne kuma tsofaffin salgogi ke ruftawa, in gara ta gama da azara, daɓe ya jiƙe.

Nan ne maganar ta wuce ta wari ta zama ta rai. Ma'aikatan lafiya suna son a bar mita 30 tsakanin rami da rijiya. Gidan gado da aka raba wa 'ya'ya shida, kowa ya ja katanga ya haƙa nasa ramin da tasa rijiyar, ina zai sami mita 30? A 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalarar da ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwar Landan har zuwa famfon rijiya guda, daga baya aka tona aka ga ramin masai a gefenta, tazararsu ba ta kai mita ɗaya ba. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna a 1971 da 1991 da 2010, sannan a 2021 aka ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kusan kullum da damina take tashi, lokacin da ramuka ke tumbatsa.

In rami ya cika a gidan da ba fili, sai masu kwasa. Sana'a ce tsohuwa, da dare ake yin ta, da bokiti da igiya da fitila, kuma muna biyan masu yin ta da kuɗi kaɗan da raini mai yawa. Mutumin da ba za mu ba 'yarmu ba shi ne ke tsakaninmu da amai da gudawa. Haɗarinta ba ƙazanta ba ce kaɗai. Ramin da ya daɗe a rufe yana tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi, mutum ya faɗi kafin ya yi ihu. Shi ya sa labarin kullum iri ɗaya ne: ɗaya ya shiga ɗauko waya ko kwasa, na biyu ya bi shi ceto, na uku ya bi na biyu. Motar da ke zuƙewa da mesa ta fi aminci, amma sai manyan garuruwa, kuma ko ta zo ba ta iya jan leda da tsumma, sai an sa mutum ya sauka.

Shekarun nan na 'yan bindiga sun rufe ƙofar da ta rage. Bayan gari, wanda shi ne masan talaka tun kaka da kakanni, ya zama wurin da mace ba ta zuwa da asuba ko da magariba, namiji ma sai ya yi shahada. Bayan harin Kadisau a watan Yuni na 2020 da ire-irensa, ƙauyuka suka kwararo cikin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Ɗandume da Funtuwa, wasu a azuzuwan firamare, mafi yawa a gidajen 'yan uwa. Duniya ta san sunan Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, amma ba ta ƙirga abin da hijira ta yi wa gidajen garin ba. Injiniyoyi suna lissafin mutum ɗaya yana tara lita 40 zuwa 60 a rami a shekara. Rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 3 yana ɗaukar kimanin lita 2,300, ya ishi mutum 10 shekara huɗu da wani abu. In gidan ya koma mutum 25, bai kai shekara biyu ba. Mai gida ba zai ce wa ƙanwarsa da ta gudo da 'ya'ya biyar ta rage shiga bayi ba. Shiru zai yi, ya sayo gishiri.

Gwamnati ta taɓa zuwa da bulala, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da sharar ƙarshen wata da ta biyo shi. Daga 2010 ta zo da lallashi, ta hannun UNICEF da hukumar ruwa da tsabtar karkara ta jiha, da wata dabara da aka faro a Bangaladash: a tara ƙauye, a zaga da su inda suke zuwa, a bar kunya ta sa kowa ya haƙa nasa ba tare da an ba shi sisi ba. A Nuwamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗiba wa ƙasar 2025 ta daina bahaya a fili, lokacin ana ƙiyasin mutum miliyan 47 ke yi. Maƙwabciyarmu Jigawa ce ta fara samun shaidar a 2022. An haƙa ramuka da yawa a ƙauyukanmu, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai takardar shaida tana ƙirga ramin da aka haƙa, ba ta komawa bayan shekara uku ta tambayi wa zai kwashe shi, ina kuma za a kai.

Abin lura shi ne magina sun fara ja da baya daga tangaran na zama. Mai ginin da ya san aikinsa a yau yakan ba da shawarar na tsuguno, a ɗora shi kai tsaye a kan rami ko da gajeren bututu, a tayar da bututun shan iska sama da rufi a ɗaure bakinsa da raga, dabarar da Peter Morgan ya fito da ita a Zimbabuwe a shekarun 1970. Akwai kuma ɗan kaskon roba shuɗi da ake kira SATO, mai marfi a ƙasa wanda nauyi ke buɗewa ya koma ya rufe da kansa, ba ya buƙatar ko lita ɗaya. Ba shi da lanƙwasa, saboda haka buta ta ishe shi. Wanda ya san tsohuwar salga in ya gan shi zai gane wuyan tulu ne da kaskonsa, an dai zuba su a roba.